Layin Sama, Gida na Biyu

Ku ƴan matan da ke zama bayana kuna dariya ƙasa-ƙasa, wagga takarda taku ce. Ina jin ku sarai. Gwiwa ce ta tsufa, kunne na nan. Kun ce bugun takarda ba aiki ba ne, wai ko akuya anka zaunar gaban ordinatar, kwamfuta ke nan, sai ta buga, tunda mashin shi ke gwada ma mutum inda za shi taɓa. Rashida, ke kinka faɗi ta akuyar, na san muryarki. To a kan wannan gwadin ne muke ja-in-ja ni da mai shagon ga, Tankari, kuma gara ku ji ta bakina tun Asabar ba ta zo ba. Ran Asabar mai gyara za shi zo shi wanke mashinan shago duka, har da nawa. Za shi share Hausar da na rubuta cikin menu da hannuna, shi maido Faransanci da ƙananan baƙaƙen nan nasu, Ctrl kaza, Ctrl kaza. Tankari ya ce ko in yarda, ko in ba wata kujerar. Na ce mishi ban yarda ba, kuma ba ni tashi.

Sunana Kulu, ku kuna ce mini Inna Kulu. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko nike nufi. Sai da na goya jika sannan na riƙe alli, a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, inda anka koya muna Hausa zalla, babu Faransanci ko na gaisuwa. Can anka ce muna ko da bakinmu na cewa "tahi" da "lahiya", a takarda f ake sawa. Shi ya sa za ku ga rubutuna ya fi bakina ladabi.

Shagon ga na uban Tankari ne, Mushe Arzika, Allah shi jiƙan shi, tsohon malamin lakwal, shi ya sa ake ce mishi Mushe da bakin Faransa, wanda ya buɗe wurin buga takardu bakin kwalta, kusa da tasha, nan Dogon Dutsi. Ni shara da ɗibar ruwa sunka kawo ni. Mai bugu a lokacin Madam Ladi ce, Kirista daga unguwar mishan. Doguwa ce, ba ta bori ba, ta tsawo, da tabarau mai igiya a wuya. Wata safiya ta bar takardar waƙoƙin cocinsu a tebur ta fita sayen ƙosai. Na jingine tsintsiya ina karantawa da ƙarfi, kamar yadda munka saba a aji, ban ji shigowarta ba.

"Ke, wa ya koya miki?"

"Gwamnati," na ce.

"To gwamnati ta yi rabin aiki. Tahi ki wanko hannu."

Aikin farko da ta ba ni layi ɗaya ne, q s d f, j k l m. Ba kalma ba ce, ba addu'a ba ce, haka nan dai. Ta aza yatsuna a layin tsakiya na kilabiye, farantin baƙaƙen da ake dannawa, ta ce kowane yatsa ga gidanshi, in ya fita yawo nan za shi dawo shi kwana. Sannan ta kwance kallabinta ta rufe mini hannu.

"Madam, ƙaƙa za ni ga abin da nike taɓawa?"

"In kina daka, taɓarya kike kallo?"

"A'a."

"To kalli turmi." Ta nuna gilashin mashin, inda rubutu ke fita.

Yatsun da sunka girma da kalme da igiyar guga ba su san lallashi ba. In na danna k sai k ta fito jere kamar tururuwa. Ƙaramin yatsa kuwa tawaye ya yi mini har damina ta wuce, shi dai ya miƙe sama kamar mai neman tambaya. Madam na da mafici a hannu, da shi take fifita, da shi take hukunci. Mushe Arzika in ya leƙo sai ya ce, "Madam, tsohuwar ga za ta ɓalla mini kilabiye." Ita kuma ko juyowa ba ta yi, ta ce, "In ta ɓalla ni na ɓalla, Mushe." Ku yanzu wata biyu kuke yi a ba ku takardar shaida mai hatimi. Ni ba a bari na taɓa takardar mai kawo aiki ba sai da kallabin nan ya koɗe.

Akwai ranar da harafin e ya ƙi tashi, muna tsakiyar takardar neman aiki ta wani saurayi daga Tibiri, motarshi na lodi a tasha. Faransanci kuwa ba ya tafiya babu e, kamar tuwo ne babu ruwa. Madam ta ce in ciro tsinken kitso daga kaina. Ta sa bakinshi ƙarƙashin maɓallin ta ɗaga a hankali, ɓas, sai ga ƙwayar hatsi kwance da ƴan kiyashi sun yi mata zobe. Ta share da gashin zabo, ta maida maɓallin, saurayi ya samu motarshi. Tun ranar ba a cin komi kusa da mashin nawa, kuma gashin zabon da kuke gani a gwangwani ba na tsafi ba ne, kayan aiki ne. Ku da ke shan shayi kan kilabiye kuna danna waya da ɗayan hannu, ranarku na nan tafe.

Wani aikin kuma katin gayyata ne na wata ƙungiyar manoma, za su yi taron buɗe rumbun tsimi. Lokacin mashin ba shi da baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In anka buga Hausa, Madam ke bin takarda da bik, alƙalaminta, tana sa ma kowace ƙugiyarta. Ranar sakatarensu ya zo da gaggawa Madam na coci, ya kwashe katunan tun ba a bi su ba. Ga abin da anka raba ma hakimai da mutanen meri, ofishin magajin gari: "Ana maraba da manyan baki." Babban baƙon kuwa, Allah ya yi shi da baki har kunne, kuma gari duka ya sani. Sati guda sakataren nan bai bi ta kasuwa ba. Bayan wannan ne Mushe Arzika ya kira Ibro mai gyara, shi wannan dai da za shi zo ran Asabar, lokacin ko gemu bai tsiro ba, ya ɗaura muna baƙaƙen huɗu a kan yanke.

Bari in faɗi mi nike nufi da yanke, don wanda takardar ga za ta faɗa hannunshi bai san aikinmu ba. Kowane aiki a mashin hanya biyu gare shi. Ko ki kama ɓeran mashin, ɗan abin nan mai wutsiyar waya, ki buɗe menu, ki nemo kalmar ki danna, wannan ita ce kwalta. Ko ki riƙe maɓalli ɗaya ki taɓa wani, aiki ya ƙare kafin mai kwalta ta ɗaura zane. Wannan shi ne yanke, ku kuke ce mishi rakursi. Kuma gefen kowace kalma a menu, mashin na rubuta yankenta da ƙananan baƙaƙe, don tuni ga wanda ya manta. Madam ba ta ƙaunar ɓera. Ta ce hannun da ya bar kilabiye ya tafi ɓera, kamar mai tuƙin tuwo ce ta tafi gulma. Yanken da nike bi kullum, na ajiya da na bugawa da na ƙugiyoyi, sun shiga yatsa. Sauran kuwa ido ya riƙe su, don kullum ina ganin su rubuce a gefen menu.

Sai shekarar wahala. Ku ma kun gan ta, sai dai ku a gida kunka gan ta, mu a bakin aiki. Anka rufe iyaka, wuta ta zama baƙuwa, ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Madam ta riga ta aje aiki, ido ya ƙi, ta koma Dosso wurin ɗanta. Mushe Arzika ya riga mu gidan gaskiya, shago na hannun Tankari. Tawadar amprimanti, injin fitar da takarda, ta yi wuya, har sai aiki ya kammala tsaf ake fitar da shi a takarda. Cikin wannan hali kilabiyena ya mutu, mutuwar tsufa. Na Faransa da ke zowa ta hanyar teku babu su ko a Yamai. Tankari ya samo wani da anka shigo da shi ta daji daga Najeriya, sabo fil, baƙaƙenshi na ƙyalli.

Ga abin da ba a koya muku ba. Kilabiyen Nijar layin samanshi da A da Z shike farawa. Na Najeriya da Q da W shike farawa, Z ɗinshi na can ƙasa a lungu. Shi kuwa cikin mashin Faransanci ya sani, kuma dole a bar shi haka, don rabin aikinmu takardun ofis ne masu e mai hula da c mai wutsiya. To sai ya zamana fentin da ke kan maɓalli daban, abin da ke fita a gilashi daban. Ki taɓa inda anka zana Z, W ce za ta fito. Wajen rubutu wannan bai dame ni ba ko kaɗan, yatsuna gida sunka sani, ba fenti ba.

Baba Namata kowace Juma'a shike zuwa, ranar kasuwa, cikin motar daji daga wajen Dogon Kiriya. Tsoho ne tukuf, da sanda da buta. Ɗiyanshi maza na can bakin teku suna bida, neman kuɗi, sun haifi yaran da ba su san ko sunan ƙauyensu ba. Ya ce in rubuta musu yadda kakanninshi sunka haƙa rijiyar farko sunka kafa gari, wa ya fara sauka, wa ya biyo, wace tsamiya ce ta iskoki da ba a sara, wace gona ce ba a shiga ran Laraba kuma don mi. In wuta ta zo sai shi rufe ido shi fara, in ta ɗauke shi buɗe shi ci goro mu jira. Ba shi maimaita magana. In na ce, "Baba, dakata yatsa shi cim maka," sai shi ce, "Ɗiyata, ke ce mai doki, ni a ƙasa nike." Haka munka yi ta yi tun ana huɗa har hatsi ya fara kai.

Ranar da ya kai ƙarshe ya ce, "Girmama rubutun in gani da idona." Na zaɓe rubutun duka, ya yi shuɗi tun daga sama har ƙasa, za ni ƙara mishi girma. Sai tsoho ya miƙo hannu shina cewa, "Ina sunan kakana a nan?" Hannu na rawa, bai kai gilashi ba ya sauka kan kilabiye. Ku kun san abin da ke faruwa in rubutu na zaɓe anka taɓa harafi. Komi ya ɓace, sai n guda ɗaya tsaye a kan farar takarda.

Wannan ba abin tsoro ba ne, akwai yanken komawa baya. Ba na kullum ba ne, yatsa bai riƙe shi ba, amma shekara da shekaru ina ganin shi a gefen menu: Ctrl+Z. Na duƙa na nemi Z a sabon kilabiye, na same ta can ƙasa, na riƙe Ctrl na taɓa ta. Shi kuwa mashin W ya ji, kuma Ctrl da W rufe takarda ne. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya cikin Faransanci. Kalma ɗaya na sani a ciki, ta ajiya, kuma a shekarar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ajiya ita ce sallar kowane mai bugu. Na danna. Ya aje n guda a kan labarin gari guda, ya rufe.

Na sake buɗewa. Baba Namata na kallon fuskata, ba gilashi ba.

"Ya tahi?"

"Ya tahi, Baba."

"Duka?"

"Sai harahi ɗaya."

"To, ya bar muku iri."

Na ce shi dawo Juma'a mu sake daga farko, ba sai ya biya komi ba. Ya ɗauki butarshi ya ce, "Tsoho ba shi haƙa rijiya biyu." Bai sake zuwa ba. Ibro ya kwashe yini shina tonon cikin mashin, bai samo ko layi ba.

Kada wata ta buɗe baki ta ce Inna Kulu ta yi kuskure. Abin da gilashi ya ce shi na yi. Ya ce Z, na taɓa Z. Wanda ya rubuta tunin nan ya ɗauka duniya duka kilabiye ɗaya take dannawa. Bai san akwai garin da mashin ke zuwa daga yamma, kilabiye daga gabas ba.

Da Ibro ya gama tono na ce shi zauna, ban sallame shi ba.

"Ƙananan baƙaƙen ga na gefe, wa ya rubuta su?"

"Waɗanda sunka ƙera shi, Inna."

"Sun taɓa zuwa Dogon Dutsi?"

"Ban ce ba."

"To a share su."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya gyara zama. Ya gwada mini akwai wani wuri cikin mashin inda ake ce ma tunin nan ɓuya, shi ɓuya. Kuma a nan dai ana iya sake ma kowace kalma ta menu suna, mutum shi rubuta abin da ya ga dama. Ya ce, "Amma Inna, in kin ɓoye su, da mi za ki tuna?" Na ce mishi, "Ibro, in baƙo ya tambaye ka gidanku, sunan titi kake ba shi?" Ya ce a'a. Na ce, "Mi kake cewa?" Ya ce, "In ka wuce famfo, ƙofa ta biyu hannun dama." Na ce to shi ke nan, kwatance za mu yi.

Haka na zauna, duk sa'ad da wuta ta leƙo kuma babu mai jira, ina bin menu kalma kalma. Maɓallin Ctrl na sa mishi Lungu, don a lungu shike ko wane irin kilabiye ne. Wanda kuke ce ma Maj, na Najeriya kuma an rubuta wani abu daban, na sa mishi Kibiya, don dukansu da kibiya a jiki. Sannan layukan baƙaƙe uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowane da gidajenshi, ana ƙirgawa daga harafin farko na hagu. In kinka buɗe menu nawa ga abin da za ki gani. "Koma baya: Lungu da layin sama, gida na biyu." "Aje aiki: Lungu da layin tsakiya, gida na biyu." "Zaɓe duka: Lungu da layin sama, gida na farko, kuma ki janye hannun mai kallo." Na rufewa kuwa da manyan baƙaƙe na rubuta shi: "RUFE TAKARDA: Lungu da layin ƙasa, gida na farko. BA SHI NE KOMA BAYA BA." A kawo kilabiye daga Sakkwato ko daga Faransa ko daga lahira, fenti shi goge ƙaf, kwatancena ba ya ƙarya, don gida ba ya tashi daga inda shike.

Na sani menu ya yi faɗi, in anka buɗe shi shina cin rabin gilashi. Na ji kuna cewa menu na Inna ya fi zanenta faɗi. Na kuma ƙara ma rubutun girma, don idona ba na jiya ba ne. Amma ku tambaya a gari. Mata nawa ƴan ajin yaƙi da jahilci, waɗanda ko "bonjur" sai sun yi tuntuɓe, sunka zauna kan mashin ga sunka koya? Ɗaya na garin Kore Mairuwa yanzu, ita ke buga ma ƙungiyar matansu takardu. Da Ctrl+Z za ta fara, da tana nan tana talla.

Yanzu ga maganar Tankari, kuma ba ni rage mishi ita, don ba mahaukaci ba ne. Ya ce ku iyayenku sun kawo ku ne don ku samu aiki a ofisoshin Dosso da Yamai, can kuwa babu Lungu babu Kibiya. Rashida ta tafi gwaji wani ofis a Dosso, anka ce ta maido abin da ta share, ta buɗe menu tana neman layin sama gida na biyu, ba ta gani ba, ta daskare har lokaci ya cika. Ta dawo ta kai ƙarata wurin Tankari. Wannan ya faru, ban musa ba. Amma Rashida, tsakaninki da Allah, sau nawa na ce ki rufe hannu da kallabi kinka ce zafi ake yi? Kwatance na baƙo ne. Wadda ta kwana wata biyu a gari tana tambayar hanyar rijiya, ba laifin mai kwatance ba ne. Ga mashinan shago can duka da Faransancinsu, ku koya a kansu, wa ya hana ku? Guda ɗaya tak ke jin Hausa a layin nan duka, daga tasha har kasuwa. Shi ne ya tsone ma kowa ido.

Nan na tsaya ran Alhamis. Asabar ta zo ta wuce, ga yadda anka yi, tun ba a ƙara ma labarin gishiri ba.

Ibro ya iso da hantsi, kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma mashin, rataye a wuya. Ya bi sauran mashinan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo ya tsaya nesa da ni kaɗan ya cire hula.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Ina iyali? Kada ka matso."

Ya juya wurin Tankari. "Patron, akwai dabara. Sai in buɗe mata ɗakinta daban cikin mashin, da makulli. In ta shiga ta ga Hausarta, in ɗalibai sun shiga su ga Faransanci."

Tankari ya ce, "Ba ni son shago mai baki biyu. Gobe a manta a bar nata buɗe, mu koma gidan jiya."

Na ce, "Ni ma ba ni so. Kwatancen da anka kulle a ɗaki, wa za shi yi ma amfani? Ni na san hanya."

Ibro ya maida hularshi ya ce, "To ni dai na ga inda kunka yi kama."

Ku ƴan mata kun bar abin da kuke yi, kowa ta juyo da kujera. Tankari ya ga idanu, sai murya ta hau.

"Inna, don Allah ki duba girman Allah. Shekarunki nawa kina rigima kan akwatin ga? Fankarshi na kuka kamar injin niƙa. Wannan ko kyauta anka ba mutum sai ya yi tunani kafin shi ɗauka."

"Mi ka ce?"

"Na ce ko kyauta anka ba mutum..."

"Ibro, ka ji?"

"Kunnena na ciwo yau, Inna."

"Rashida, ke da ba a rufe ki da magana, kin ji?"

Rashida ta sa hannu a baki ta ce, "Na ji, Inna."

"To na yi tunanin. Ina so."

Tankari ya soma ja da baya. Ya ce ai magana ce ta fatar baki. Na ce mishi ubanshi bai taɓa faɗin magana gaban shaidu ya ce ta fatar baki ce ba, ban sani ba ko shi sabon yayi ya kawo. Ya shafa kai.

"Gidanki ko wuta babu."

"Salamatu mai ɗinki na da farantin rana kan rumfarta. Mun gama magana tun Laraba."

"Tun Laraba?"

"Tsohuwa ba ta jiran Asabar."

"In kinka hita da shi, kujerar fa? Ba ni da wani mashin da za ni ba ki sai mai Faransanci."

"Kujera ta ubanka ce, riƙe abinka."

Na kashe mashin yadda ya kamata, na jira fanka ta yi shiru. Na zare wayoyi ɗaya ɗaya. Ibro ya ɗauki gilashi bai tambayi kowa ba, ya ce babur ɗinshi na waje. Kilabiye na ɗaure shi a baya da zane, inda ake goyo. Na naɗe gammo na aza a ka, na duƙa gaban akwatin. Nan gwiwa ta ce ba da ita ba. Na gwada, akwati ya taso ya koma. Babu mai dariya cikinku, na lura.

Tankari na tsaye da wayar wuta a hannu, ya naɗe ta tsaf shina juya ta.

"Inna, wa za ya buga muna Hausa in an kawo?"

"Ka aiko su. Ba ni korar mai aiki."

"Ki bari gobe a kai miki a amalanke."

"Gobe ka sake shawara. Kai dai tsaye kake kamar turke, aza mini."

Ya ɗora wayar a kan akwatin, ya duƙa ya kama gefe ɗaya, ya aza mini.